Godiya ga waɗanda suka tsaya kan Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya aka sallamo Baba daga asibiti, da ƙafarsa ya shigo gida. A madadin Hajiya da dukkan iyalinmu nake miƙa wannan godiya.

Yau mako uku ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallacin layinmu a Tudun Wada, ana idar da Magariba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Kafin in iso an yi cincirindo, wannan na fifita, wancan na yayyafa ruwa, wani har ya fara salati. Sai ga wani matashi ɗalibin aikin jinya, baƙo ne ma a unguwar, ya ratsa mutane ya durƙusa. Ya girgiza Baba, shiru, numfashin kuma sai kakari jefi-jefi. Nan take ya ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa ya shiga dannawa da ƙarfi. Wallahi na so in fizge shi, gani nake zai karya mana dattijo. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Yaya, zuciyarsa ce ta tsaya. Nemo mota, kar kowa ya ba shi ruwa."

Daga baya likita ya fahimtar da mu cewa idan zuciya ta tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa. Wannan dannawar, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kamar santimita 5, ita ke tura jini zuwa kai har a samu na'urar da ke tayar da zuciya da lantarki. Haƙarƙarin Baba biyu sun tsage, amma ga shi yau yana kiran jikokinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

Mun gode wa maƙwabcinmu da ya kwantar da kujerun motarsa, da ɗansa da ya riƙa karɓar dannawar a hanya duk sanda ɗalibin ya gaji, da samarin da suka sha gaban motar a guje suna buɗe hanya, da likitoci da nas-nas da suka tarbe mu tun daga bakin ƙofa. Masu kai abinci da masu addu'a, Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Shi kuma wannan bawan Allah, a cikin ruɗewa ko lambarsa ban karɓa ba, rigarsa jiƙe da gumi ya fita. Don Allah duk wanda ya san shi ya isar masa, Baba na nemansa yana so ya sa masa albarka da bakinsa.