Wilin hamsta da agogon ƙwaƙwalwa: inda aikina ya kwana

'Yan'uwa masu sha'awar bin diddigin motsin ƙananan dabbobi, na'urar ƙirga juyin wilin gudun hamstata, ƙaramar dabbar gida dangin ɓera, ta zauna daram, bayanai kuma sun taru har sun isa a zana su. Zanen ya fito da wani abu da ya mayar da ni karatu a kan ƙwaƙwalwa da sinadaran homon masu kai saƙo ta cikin jini, kuma shi nake so mu tattauna. Amma bari in fara sallamar masu tambayar yadda aka haɗa kayan.

Haɗin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ƙaramin maganaɗisu na manna a bayan wilin, na sa ɗan nauyi daidai da shi a ɗaya gefen don kada wilin ya rinjaya. A jikin kejin ta waje akwai makunni mai jin maganaɗisu. Duk giftawar maganaɗisun sai ya rufe, allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke kula da aikin, ya ƙirga ɗaya. Ɗan agogo mai batir, DS3231, shi ke riƙe lokaci, kuma kowane minti 6 ana rubuta jimilla a katin memori. Abu biyu zan jaddada. Kada waya ta shiga keji, domin haƙoran gaba na dangin ɓera ba sa daina tsiro, abin da suka samu sai sun gwaguye shi. Sannan irin wannan makunni yakan yi rawa wajen rufewa har ya ƙirga biyu a juyi ɗaya, don haka a sa wa shirin sharaɗin watsi da duk bugun da ya biyo bayan na farko nan take. Mai hamstar Siriya irin tawa ya nemi wili mai faɗin da ya kai kusan santimita 28, don kada bayanta ya lanƙwashe a guje. Fitila kuwa tana kan na'urar saita lokaci: haske awa 14, duhu awa 10, kamar yadda aka saba yi wa hamsta a ɗakunan bincike.

Zanen da ake kira aktogiram haka yake: kowace rana layi guda, daga hagu zuwa dama, inda aka yi gudu a yi baƙi, inda ba a yi ba a bar shi fari. Ranaku suna jere daga sama zuwa ƙasa. Ku zana awa 48 a kowane layi, yau da gobe a jere, don kada tsakar dare ta raba muku gudun gida biyu.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne gefen hagu na baƙin. Kamar an ja shi da rula. Fitila na mutuwa, ba a jimawa sai in ji ta fito daga sheƙa, ta yi miƙa, ta wanke fuska da ƙafafun gaba, ta haye wili. Ƙarshen gudun kuwa ba shi da wannan tsari: wani daren ta tsaya da wuri, wani daren ta yi ta dawowa guntu-guntu har gab da fitila ta kama. Shi ya sa masu bincike suka fi dogara da lokacin farawa idan suna son karanta agogon jiki, kuma ina ganin mu ma haka ya kamata mu yi.

Agogon kansa wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin jijiya, kusan 20,000, rabi a dama rabi a hagu, a ƙasan ƙwaƙwalwa cikin sashen haifotalamas, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. A taƙaice ana ce masa SCN. A 1972 aka kama shi, ta hanyoyi biyu a shekara ɗaya: Robert Moore da Victor Eichler suka lalata wurin a ɓeraye, sai hawa da saukar homon kortikosteron na kullum ya ɓace; Friedrich Stephan da Irving Zucker suka yi irin haka, sai shan ruwa da motsi suka watse ko'ina cikin dare da rana. Ɓerayen ba su daina motsi ba, tsarin ne ya tafi. Hujjar da ta fi burge ni ta hamsta ce. A 1988 Martin Ralph da Michael Menaker suka ba da labarin wata hamsta mai sauyin ƙwayar gado da aka sa wa suna tau: mai kwafi ɗaya ranarta awa 22, mai kwafi biyu awa 20. A 1990 suka ɗauki SCN na irin wannan hamsta suka dasa wa wadda aka lalata wa nata, sai gudun wili ya dawo da tsawon ranar mai bayarwa. Bayan wannan, gardama ta ƙare a kan inda agogon yake.

A cikin kowace ƙwayar jijiyar akwai ƙwayoyin gado da ke kunna juna suna kashe juna a zagayen kusan awa 24, irin su Clock da ƙungiyar Joseph Takahashi ta gano a ɓera a 1994. Ba zan shiga nan ba, wilinmu ba ya ganin wannan zurfin.

To ga abin da ya tsayar da ni. Da na ƙura wa gefen hagun nan ido da kyau, ashe ba miƙaƙƙe ba ne sak. Yana da 'yar tanƙwara da ke maimaita kanta duk kwana 4: dare biyu ta fara da ɗan wuri ta kuma yi gudu mai yawa, dare biyu ta ɗan makara. Hamstar tawa mace ce, kuma zagayen neman barbara na macen hamstar Siriya kwana 4 ne, da ƙyar yake saɓawa. Na gwada da alamar da masu kiwo suka sani: a daren da take cikin yanayin, idan ka shafa bayanta a hankali sai ta sandare wuri ɗaya, ta miƙe ƙafafun baya, ta ɗaga ɗan guntun wutsiyarta sama. Na riƙa sa alama a kalanda, na ɗora a kan zanen, daren sandarewar kuwa ya riƙa faɗawa cikin dararen farawa da wuri.

Ba sabon abu na gano ba. Tun 1923 G. H. Wang ya nuna cewa macen ɓera tana ƙara gudu sosai a lokacin da take neman barbara, a zamanin da Curt Richter ke kafa wannan fanni na auna motsin ɓeraye a Jami'ar Johns Hopkins. A 1977 Lawrence Morin, Kathleen Fitzgerald da Irving Zucker suka nuna cewa homon istirojin yana gajarta zagayen agogon macen hamsta. Wato homon daga gidan ƙwan mace yana komawa ƙwaƙwalwa ya taɓa lokacin tashi. A ɓangaren maza ma an ga irinsa: namijin ɓera da aka fiɗiye yakan rasa ƙarfin gudun farkon dare, idan aka mayar masa da testosteron ya dawo.

Hanyar kuma biyu ce, shi ne daɗinta. Agogon ne ke faɗa wa homon lokacin fita. A 1950 John Everett da Charles Sawyer suka ba macen ɓera maganin barci a 'yan awannin la'asar na ranar da siginar sakin ƙwai ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Sakin ƙwan bai jinkirta da awa biyu ko uku ba, sai da ya jira awa 24 cif, lokacin da ƙofar ta sake buɗewa. Istirojin yana cewa an shirya, agogo yana cewa yanzu ne. SCN kamar mai kaɗa ƙararrawar makaranta yake: shi ke sanar da lokaci, amma ko ɗalibai za su fito da gudu ko da jan ƙafa, wannan ya danganta da abin da ke yawo a jininsu.

Daga nan na bi sauran sinadaran ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kowanne: ina sawunka a zanena?

Kortikosteron, wanda ke fitowa daga ƙullin saman ƙoda bisa umarnin da ya faro daga haifotalamas, yana hawa ne gab da lokacin tashi. A ɓera da hamsta wannan na nufin wajen faɗuwar rana, akasin ɗan Adam da kwatankwacinsa, kortisol, ke hawa da safe. Shi ke tanadar sukari a jini kafin aiki, kuma yana cikin saƙonnin da ke daidaita ƙananan agogunan hanta da sauran gaɓoɓi da babban agogo. Oreksin, da aka gano a 1998, shi ke riƙe farkawa ta ɗore; a 1999 aka ga ɓerayen da ba su da shi suna faɗuwa kwatsam a tsakiyar harkarsu ta dare. Duk sanda na ga dogon baƙi mara yankewa a zanen, shi nake tunawa. A cikin SCN kansa akwai sinadarin VIP, wanda ke haɗa kan ƙwayoyin su buga lokaci tare, da basofiresin. A 2013 ƙungiyar Hitoshi Okamura a Jami'ar Kyoto ta nuna cewa ɓerayen da ba su da masu karɓar basofiresin iri biyu suna komawa sabon lokaci kusan nan take idan an sauya musu tsarin fitila, alhali lafiyayyu sai sun ɗauki kwanaki. Ashe taurin kan agogo ma aikin sinadari ne.

Melatonin kuwa a nan nake jan hankalinku, don da yawa muna shigowa da zaton cewa shi ne mai sa barci a kowace dabba. Ƙullin piniyal da ke cikin ƙwaƙwalwa yana sakinsa da dare a cikinmu da cikin hamsta baki ɗaya, mu muna kwance, ita tana kan wili. Saƙonsa kawai shi ne duhu ya yi, kuma ga tsawonsa. Hamstar Siriya da shi take sanin lokacin shekara: idan hasken yini ya gaza kusan awa 12 da rabi, daren melatonin ya yi tsawo, gaɓoɓin haihuwa su ƙanƙance, zagayen kwana 4 ya tsaya. Dalilin awa 14 na fitilata ke nan. Wanda ya gajarta haske har ƙasa da wancan ma'auni, bayan makonni tanƙwarar da nake magana za ta ɓace masa. Kuma wasu ɓerayen ɗakin bincike, irin su C57BL/6, kusan ba sa yin melatonin, amma gudunsu na dare a tsare yake. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba shi ne direba ba.

Abubuwa biyu ke ɓata zane, kuma duka a hannunmu suke. Na farko haske da dare. A idon dabbar akwai ƙwayoyi masu sinadarin melanofsin da ke kai labarin haske kai tsaye ga SCN. Haske a farkon dare yana jinkirta agogon, a ƙarshen dare yana gaggauta shi, da rana kuwa kusan ba ya taɓa shi. Ban da haka, haske yana dakatar da gudu nan take ko da bai motsa agogon ba, don haka farin gurbi a tsakiyar baƙi ba lallai barci ba ne, wataƙila wani ne ya kunna fitilar ɗaki. Idan dole ku duba ta, ku yi da jan haske mai rauni ƙwarai. Na biyu sharar keji. Nicholas Mrosovsky ya nuna cewa tayar da hamsta da rana, da sabon wili ko sabuwar shimfiɗa, yana iya tura agogonta gaba. Ni yanzu ina shara ne gab da mutuwar fitila, kuma ina rubuta ranar a gefen zanen. Abinci ma a bar shi a wadace koyaushe, domin ɓeran da aka ƙayyade wa lokacin ci yakan fara zirga-zirga awanni kafin lokacin, ko da an lalata masa SCN, kamar yadda Stephan ya nuna.

Akwai kuma abin da ya rage mini ƙarfin baki a kan kalmar mai yawon dare. A 2008 Rolf Gattermann da abokan aikinsa suka bi matan hamstar Siriya a dajinsu na kudancin Turkiyya, suka tarar da rana suke fitowa daga rami, da safe da yamma, alhali danginsu na keji da dare suke harka. Ɓeran ciyawa na Nilu ma mai yawon rana ne, amma wasunsu da an ba su wili sai su koma gudun dare. SCN na mai yawon rana da na mai yawon dare kuwa duka da rana suka fi aiki. Bambancin yana can gaba, a sassan da ke fassara saƙon. Saboda haka abin da zanenmu ke nunawa halin dabba ne a cikin keji mai wili da fitila, kuma wilin kansa yana cikin abubuwan da ke sauya sakamakon. Wannan bai sa wili ya zama shirme ba: a 2014 Johanna Meijer da Yuri Robbers na Leiden a ƙasar Holan suka ba da rahoton wili da suka ajiye a fili, ɓerayen daji suka riƙa hawa suna gudu ba tare da kowa ya tsare su ba.

Mataki na gaba a wurina shi ne ƙara na'urar jin motsi ta hasken infirared, wanda ido ba ya gani, a saman kejin, don in ga abin da take yi idan ba ta kan wili, in kuma gwada ko tanƙwarar kwana 4 tana nan a wancan ma'aunin. Gwajin haske mara yankewa, wanda ke iya raba gudun hamsta gida biyu, na bar wa ɗakunan bincike. Dabbar gida ba ta ci wannan wahalar ba, balle allurar homon.

Abin da nake nema daga gare ku shi ne zanen namiji. Duk mai namijin hamstar Siriya a kan haske awa 14 da duhu awa 10, ya tara bayanansa a ma'aunin minti 6, ya rubuta ranakun shara, mu jera gefen hagun nasa da na tawa mu gani ko nasa miƙaƙƙe ne.