Wata uku da fara karɓar kuɗi ta kati

Yau wata uku cif da na saka hanyar biya da katin ATM a shafina na intanet, inda nake sayar da turaren wuta da humra. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.

A da, lambar asusu nake bayarwa, mai saye ya aiko min hoton rasit. Cikin azumin bara wata ta ɗauki kaya na naira 38,000, ta turo hoton, ni kuma na ba mai adaidaita ya kai tasha. Ashe rasit ɗin na bogi ne. Ranar na yi kuka sosai, domin uwar kuɗina ce ta tafi.

Ƙanina ne ya haɗa min Paystack, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet. Sun nemi BVN, katin shaida da asusun banki. Yanzu mai saye zai saka katinsa, Verve ne ko Visa ko Mastercard, bankinsa ya turo masa lambar OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya, yana tabbatarwa sai in ga sanarwa. Ni ko lambar katin ba na gani. Washegari kuɗin ke faɗowa, in ranar aiki ce.

Suna cirar kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100. Da farko abin ya tsaya min a rai, sai na lissafa shi cikin farashin kaya.

Iyayenmu hajiyoyi har yanzu suna tsoron rubuta lambar kati, kuma ban ga laifinsu ba. Su na bar musu tiransifa, amma sai na ga kuɗi da idona kaya ke fita.

Jiya wata a Fatakwal ta biya ƙarfe 2 na dare ina barci. Bayan sallar asuba na ɗaure mata kayanta.