Sauron Maleshiya da rana yake cizo

Mu da muka taso a Arewa mun san tsarin sauro, magariba na yi a rufe taga a fesa fiya-fiya a saki gidan sauro shikenan, in jiki ya yi zafi kuma kowa ya san maleriya ce sai kemis. Toh duk wannan ilimin da na zo da shi jihar Selangor ta Maleshiya bai yi min aiki ba, don sauron nan wani iri ne daban. Aedes sunansa, baƙi ne da ratsin fari a ƙafafu, kuma ba ya jiran dare, da safe bayan an idar da asuba gari ya waye da kuma wajen la'asar sakaliya, lokacin ne yake farauta, yawanci a idon sawu kana zaune kana shan shayi ba ka ma ji kukansa ba.

Cutar da yake ɗauko wa mutane ita ce dengi. A 2019 kaɗai sama da mutum 130,000 suka kamu a ƙasar nan, kuma jiharmu ta Selangor ce kan gaba kusan kullum.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne yaranmu masu zuwa karatu, kusan kowa jakarsa cike take da maganin maleriya daga gida. Wani yaro ɗan Katsina da ke benenmu haka ya kwana uku yana haɗiya, zazzaɓi ko gezau, ga ciwo a bayan ido ga gaɓoɓi kamar ana sara, da ƙyar ya yarda muka tafi asibiti yana ce min "Yaya ai maleriya ce, na saba." Gwajin jini guda ya nuna dengi. Likitar ta ce farasitamol kawai da ruwa mai yawa, kar ya kuskura ya sha asfirin ko ibuprofen don suna iya jawo zubar jini, sannan ta ja kunnena cewa ranar da zazzaɓin ya sauka ita ce ranar da za mu fi sa ido, in ya fara amai ba tsayawa ko ciwon ciki mai tsanani ko dasashi na jini mu dawo ko ƙarfe nawa ne. Alhamdulillahi ya tashi, amma dengi iri huɗu ce, warkewa daga ɗaya ba ta kare ka daga sauran, kamu na biyu ma ya fi haɗari.

Shi ya sa mutanen nan ba sa wasa da ruwan da ya kwanta. Sauron ba kwata yake nema ba, ruwa mai tsabta yake so, na farantin ƙarƙashin tukunyar fulawa, na bokitin banɗaki, na tsohuwar taya, har tiren bayan firji. Sati guda zuwa kwana 10 ƙwai ya zama sauro, ƙwan kuma yana iya wata da watanni a bushe manne da jikin bokiti, don haka zubar da ruwan kawai bai isa ba sai an goge da soso. Ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da tocila, in suka ga tsutsar sauro tarar ringgit 500 ce, kuɗin Maleshiya. In aka samu mai cutar a unguwa sai ka ji ƙarar injin feshin hayaƙi da yamma, wani ƙarshen mako kuma a fito aikin gayya, ni ma ina fita da tsintsiya kuma a nan na fi sanin maƙwabtana.

Yanzu ranar Asabar nake zagaye gidan in kife duk abin da zai tara ruwa, man shafawa mai sinadarin korar sauro na DEET yana jakata, safa da dogon wando ko ana zafi. Dan Allah in kuna da yaro mai tahowa ku gaya mishi, zazzaɓi ya kai kwana biyu ya je a gwada jini, ya ajiye maganin maleriyar sai likita ya ce.