Yinin da na taka filin ƙwallon lambu na Ikoyi

Talata, bayan isha'i.

Ƙafafuna ciwo suke yi kamar na yini ina huɗa. Takalmina yana can bakin ƙofa, na cusa masa tsohuwar jarida ko zai bushe kafin safe. Uwargida ta ce in kwanta, na ce bari dai in rubuta abin da na gani tun bai tsere mini ba.

Asalin maganar, Alhajin da nake kula masa da lambun gidansa a Lekki ne ya tsiro da sabon abu. Wai so yake a yi masa ɗan ƙaramin fili a bayan gida, irin wanda ake gangara ƙwallon golf cikin rami, ya riƙa gwada hannunsa da yamma. Shekarata 11 ina shuka ciyawa da furanni a Legas, amma ban ɓoye masa ba, na ce ranka ya daɗe, wannan kam ban taɓa yi ba. Ya yi dariya ya ce ai sunan wasan ma da Hausa ƙwallon lambu, kai kuwa mai lambu ne, ina matsalar? Ka zo ranar Talata ka bi ni Ikoyi, gani ya kori ji.

Daga sallar asuba na shiga danfo daga Agege. An kwana ana ruwa, hanya duk ta jiƙe. A Obalende na sha koko da ƙosai a tsaye, direban Alhaji ya zo ya ɗauke ni. Alhaji ya sa hannu ya shigar da ni a matsayin baƙonsa, ya haɗa ni da dattijon da ke ɗaukar masa jakar sanduna, ɗan Obalende, haihuwar nan, Hausarsa har da ɗan gishirin Yarabanci a ciki. Ya ce, "Baba, ga ɗanka nan, nuna masa komai."

Wurin da shekararsa ake kiransa, Ikoyi Club 1938, domin a shekarar ne kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf na Legas suka haɗe suka zama ɗaya. Ke nan tun kafin 1938 ana buga ƙwallon a garin nan, lokacin da Ikoyi take unguwar jami'an mulkin mallaka. Yanzu kuwa in ka ɗaga kai, dogayen benaye ne ke leƙo ka ta saman itatuwa, kamar maƙwabta masu son jin gulma.

Da na tsaya a wurin bugun farko, gaskiya raina ya ɗan sosu. Fili ne shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari. Na ce a raina, to wane tsari ne a nan da har mutum zai zo nazari? Ciyawa ce aka yanke, aka dasa tuta. Ashe Baba ya karanta fuskata.

"Ɗana, kai ƙasa kake kallo. Tsaya nan inda mai bugu ke tsayawa, ka dubi inda yake duba."

Na tsaya. Sai na ga itatuwan nan da na ɗauka na inuwa ne kawai sun yi layi dama da hagu, sun matse hanyar kamar lungun cikin birnin Kano. Mai bugu ba shi da faɗin da nake zato. A ƙasashen da suke da tuddai, tudu ne ke wahalar da ɗan wasa, a bakin teku irin na Sikotilan kuma iska ce. Nan da babu tudu, aikin ya koma wuyan itace. Duk wata bishiya da aka bari ta girma a bakin hanyar ƙwallo, da dalili aka bar ta, kuma kowace damina sai ta ƙara reshe, wasan ya ƙara wuya ba tare da kowa ya taɓa taswira ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ni mai dashe ne. Wanda ya dasa su ya san ba shi zai sha wahalarsu ba.

Filin kashi-kashi ne, kowane kashi daga wurin bugu zuwa tuta rami ake ce masa. Mun je wani rami da hanyarsa ta miƙe sannan ta karya kwana. Baba ya ce Turawa ƙafar kare suke ce wa irin wannan, saboda lanƙwasar. Daga wurin bugu ba ka ganin tutar sam. Ko ka buga gajere zuwa bakin kwanar, ka sake bugawa cikin kwanciyar hankali, ko ka yi ƙundunbala ka ɗaga ƙwallon ta saman itatuwan ka yanke hanya. Baba ya miƙa wa Alhaji sandar bugun gajere. Alhaji ya girgiza kai ya zaro babbar. Muka ji ƙwas! a jikin itace, ganye ya zubo, ƙwallo ta dawo kusan inda ta fito. Baba bai ce uffan ba, ya dai dube ni ta gefen ido. Sauri ya haifi nawa. Abokan Alhaji kuwa suka yi ta yi masa tsiya har rami na gaba.

Ramukan yashin nan, waɗanda suke kira banka, su na fi ɓata lokaci a kansu. Da farko na ɗauka barbaza su aka yi don ado. Sai na fara ƙirga taku daga wurin bugu zuwa banka ta farko, a rami ɗaya, a na biyu, a na uku. Na lura ba a kusa suke ba. Wanda bai iya ba, ƙwallonsa ba ta ma isa wurin. Wanda ya iya, ya kuma zaɓi gefen da ya fi kusa da tuta, shi yashin ke jira. Tarkon ba na rago ba ne. Baba ya ƙara mini da wani abu: da can kan babbar sanda na katako ne, yanzu na ƙarfe ne mara nauyi, ƙwallon ma ta canza, bugu ya ƙara nisa. Saboda haka a tsofaffin filaye, bankar da aka haƙa don gwani sai ka ga yau gwani ya tsallake ta, ta koma kama matsakaita irin su Alhaji. Ya faɗi haka da murya ƙasa-ƙasa.

A nan ne na yi abin kunya na farko. Na shiga cikin wata banka don in ji zurfin yashin da ƙafata, na fito na bar sawuna rututu. Baba ya ɗauko manjagara ya miƙo mini, ya ce duk wanda ya shiga shi ke gyarawa, ko da minista ne. Na share.

Amma abin da ya fi ɗauke mini hankali yau, ruwa ne.

Ni ɗan Kura ne. A Kadawa na tashi, inda ruwan dam ɗin Tiga ke biyo kwalbati, mu kuma aikinmu kullum yadda za mu ja shi ya shiga fangali, mu tare shi kada ya gudu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ido yake gane gangaren da bai kai faɗin yatsa ba. To yau na ga ilimin nan nasa an juya shi baibai. Ikoyi tsakanin ruwa take, tafkin Legas ta wancan gefe, mashigin Five Cowrie ta wannan, ƙasar kuwa da ƙyar ta ɗara teku tsayi. In ka haƙa rami kaɗan ka tarar da ruwa. Duk dabarar mai tsara fili a irin wannan wuri ita ce yadda zai kori ruwa ya fita. Kuma babu ranar da ta fi dacewa a karanta wannan kamar safiyar da aka kwana ana ruwa, domin ruwa ba ya ƙarya, inda ya kwanta nan ne kwari.

Sai na daina kallon tuta na koma bin ruwa. Filin da na ce kamar faifai ne, ashe ba haka ba. Wurin bugun farko a ɗage yake kaɗan. Wurin ramin ma a ɗage. Tsakiyar hanya ta ɗan yi doro, gefe da gefe sun sauka, ruwan ya sulale zuwa cikin doguwar ciyawa da gindin itatuwa, daga nan ya sami magudana. Idona bai gani ba, takalmina ne ya gaya mini: a tsakiya ƙasa tsaf, taku goma gefe sai caɓal, ruwa har cikin safa. Kududdufin da ɗan wasa ke tsoro kada ƙwallonsa ta faɗa, shi ne kuma ma'ajiyar ruwan da aka kora. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Ina cikin bin wata magudana, kaina a ƙasa, na ɓulla hanyar wasu masu wasa ban sani ba. Na ji an ƙwala ihu daga nesa, "Fooo!" Ni kuwa na miƙe tsaye ina waige-waige in ga wa ake kira. Ƙwallo ta wuce ta gefena da wani irin fiiit, ta faɗa ciyawa. Baba ya iso yana haki. "Kai ɗan nan! In ka ji wannan kiran, duƙawa ake yi a rufe kai, ba a tsayawa kallo!" Na ɗauki ƙwallon Alhaji daga baya na matsa ta a hannu, tauri kamar dutse. Allah ya kiyaye, ya kuma rufa asiri Alhaji bai gani ba.

Sai girin ɗin kansa, wato ɗan koren filin da ke kewaye da ramin, abin da ya kawo ni. Na jira suka gama suka wuce, na durƙusa na shafa. Ciyawar gajera ce ƙwarai, 'yan milimita kaɗan, a cushe kamar darduma. A ƙasashe masu zafi dangin ƙiri-ƙiri aka fi shukawa a irin wannan wuri, ita dai ciyawar da muke cirewa a gona muna tsine mata. In ka shafa ta gefe ɗaya santsi, ta ɗaya gefen kaushi, Baba ya ce kwanciyar ciyawar ma tana karkatar da ƙwallo. Ramin faɗinsa milimita 108, ko'ina a duniya haka yake, kuma ba wuri ɗaya yake zama ba, ana toshe shi a huda wani don kada ƙafa ta kashe ciyawar gefensa. Na leƙa bakin ramin na ga abin da nake nema: yashi-yashi ne a ƙarƙashin saiwar. Yadda ake gina na zamani, bututun magudana a can ƙasa, tsakuwa kamar santimita 10 a kansa, sannan yashi da aka gauraya da ɗan taki kamar santimita 30. Wato abin da ake gani a sama shi ne mafi arha a cikin aikin.

Muna zaune a inuwa bayan rami na 9, na saya wa Baba ruwan sanyi, ya buɗe mini tarihi. Ya ce yana yaro babu wannan korayen. Burawun ne, yashi da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe. Kafin mutum ya gangara ƙwallo sai an ja buhu ko tabarma an share masa hanya sumul. A kan irin wannan aka yi ta buga gasar Nigerian Open a nan Ikoyi, lokacin da 'yan wasan Turai ke gudo wa sanyin ƙasarsu su zagaya Afirka. Sandy Lyle na Sikotilan ya ci ta a 1978, tun bai zama kowa ba, kafin ya ci babbar gasar Birtaniya a 1985. A 1981 wani Bature Peter Tupling ya gama zagaye huɗu da bugu 255, adadin da ya zama abin faɗa a duniyar wasan saboda ƙarancinsa. Vijay Singh ɗan Fiji ya ci a 1988 ya maimaita a 1989. A ganin Baba, burawun ta fi sauƙi, domin in an share ta ƙwallo ba ta da abin da zai kautar da ita. Amma ya ce warin man nan da rana tsaka, da yadda yake ɓata wando, ba ya kewarsu ko kaɗan. Ni kuwa sai na ga hikimar masu burawun ɗin. Ba ban-ruwa, ba yanka, ba taki. Da a Kura aka ce in yi, ita zan yi.

Ramuka tara na ƙarshe ban tsinci wani sabon abu sosai ba, rana ta fito, gajiya ta kama ni, na dai bi su har na 18. Abin da ya riƙa zuwa mini a rai shi ne yaran layinmu a Agege da ke buga ƙwallo a kan titi, suna ɗauke duwatsun gola duk lokacin da mota ta taho, ga kuma wannan uban fili na mutane ƙalilan. Abin ya ɗan ci mini rai. Sai kuma na dubi benayen da ke kewaye, na san da ba don wasan nan ba da tuni an zuba kankare a nan ma, ruwan daren jiya kuwa da a kan titi zai kwana. Ban raba gardamar ba har muka fito.

A mota Alhaji ya ce, "To, Malam, ka gani? Yaushe za a fara?" Na ce ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu. Ban gaya masa ba tukuna cewa bayan gidan nasa katanga ta tare rana tun daga azahar, kuma duk ruwan rufin gidan nan yake zuba. Injin yankan da muke da shi ma ba zai iya sauka ƙasa haka ba, sai an nemo wani.

Gobe in Allah ya kai mu zan biya in ji kuɗin tifar tsakuwa da ta yashi mai kaifi, sannan in je gidan da tiyo in saki ruwa a wurin, in tsaya in ga inda zai bi.