Hannun da bai kamata ya taɓa komai ba

Jiya da daddare ƙanina da yake karatun kwamfuta a Jami'ar Jos ya faɗo ɗakina da wayarsa, wai Yaya zo ki gani, abin aikinku ne. Bidiyo ne na wani likita sanye da rigar tiyata, ya tsaya nesa da allo yana motsa hannu a iska kaman mai korar ƙuda, hoton ƙwaƙwalwa yana juyawa yana girma yana raguwa, kuma bai taɓa komai ba. Sau uku na kalla. Shekarata tara ina aikin nas a ɗakin tiyata, mafi yawa a gefen masu aikin kai da ƙashin baya, shi ya sa abin ya hana ni barci da wuri.

Wanda bai taɓa shiga tiyata ba ba zai gane darajar hannu a wajenmu ba. Da sanyin Jos ɗin nan na Disamba za ki tsaya gaban famfo ki wanke hannu har gwiwar hannu na wajen minti biyar, ruwan kaman ƙanƙara, ki sa riga ki sa safar hannu, daga nan hannunki ya zama na mara lafiya, ko hancinki ne ke ƙaiƙayi sai dai ki haƙura. Kin taɓa abin da ba a tsabtace ba, sai a canja safa, wani lokacin har riga. Kuma ba tsanani ba ne don kawai a wahalar da mu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2016 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ciwonsu yana kamuwa da ƙwayar cuta. Na ga matar da aikinta ya yi kyau sarai amma ta ƙara sati uku a gado saboda wajen ɗinkin ya ruru ya yi mugunya, mijinta har ya sayar da babur ɗinsa.

Toh shi maikiroskop na tiyata, wanda likita ke kallon wajen aiki ta cikinsa, ba irin na lab ba ne da ake ɗorawa kan tebur. Ƙaton abu ne mai tayoyi da dogon hannu da ke rataye saman kan mara lafiya, manyan cikinsu sun kai kilo 300, ba ya shiga tukunyar dafa kayan aiki, sai dai mu sa masa wata doguwar leda mai tsabta tun daga kai har hannuwa. Idan likita ya ƙara girman hoto sosai, ɗan motsi kaɗan sai komai ya yi dishi-dishi, dole ya gyara, kuma a aikin awa bakwai ko takwas gyaran nan ba ya ƙirguwa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Muna cire ƙari daga kan wani yaro, Cif, wato babban likitanmu, yana riƙe da bututun zuƙe jini a hagu, abin ƙona jijiya a dama, idonsa manne a madubi. Yana so ya leƙa bayan ƙarin, sai ya miƙo min abin hannun damansa ya kama hannun maikiroskop ɗin ya karkata shi, daƙiƙa biyar ko shida ne kawai, kafin ya dawo wata 'yar jijiya ta buɗe, ramin ya cika ja, ina gani a allo. Ya ce Sista ba ni, ba ni, na sa masa a tafin hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Allah ya taimaka ya tsayar da jinin, yaron ya tashi lafiya, amma ni gwiwoyina sun jima suna rawa bayan an gama.

Shi ya sa na ce wa ƙanina bidiyonsa ya burge ni amma akwai abin da masu murnar sarrafa na'ura da alamar hannu ba su lura ba. Wahalar likitan ƙwaƙwalwa ba tsabta kaɗai ba ce, don hannun maikiroskop ai yana cikin leda. Wahalar ita ce hannuwa biyu ne da shi kuma duka suna cikin aiki. In zai ajiye kayan aiki ya ɗaga hannu ya yi wa kyamara alama, ai da wannan da kama ƙarfen duk ɗaya ne, jinin ba zai jira ba. Tun da daɗewa aka san haka. Kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da maikiroskop ɗin tiyata mai suna OPMI 1 a 1953, kuma Gazi Yasargil, Baturken likitan nan da ya yi aiki a Zurik wanda ake ɗauka uban tiyatar ƙwaƙwalwa da ake yi da maikiroskop, maikiroskop ɗinsa har da makunni na baki, yana cizawa birkin ya saki ya ja shi da bakinsa. Har gobe ana sayar da irinsa, ga kuma feda ta ƙafa mai maɓallai da yawa da likitocinmu ke cire takalmi su taka da safa don su ji wanne ne wanne.

Inda alamar hannu ta yi rana a ganina shi ne hotuna. Likita yana so ya sake duba hoton MRI na mara lafiya ana tsakiyar aiki, sai ya koma yi wa nas ta waje bayani, Sista gaba, gaba, a'a kin wuce, dawo baya ɗaya, ita tana jan linzamin kwamfuta shi ransa yana ɓaci. Da Microsoft ta fito da Kinect, na'ura mai kyamara da ke gane motsin jiki, a 2010 don wasan gem, a 2011 likitoci a asibitin Sunnybrook na Toronto a Kanada suka sa shi a ɗakin tiyata don daidai wannan matsalar, mutum ya juya hotonsa da kansa daga nesa. Wannan kam ko gobe a kawo mana ina so.

Shi kuma maikiroskop kansa, hanyar da na fi yarda da ita ta kai ce ko murya. Wani kamfani a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ya ƙera RoboticScope, likita yana sa wani gilashi a fuska, kyamarar tana hannun mutum-mutumi, ya taka feda ya juya kansa sai kyamarar ta bi, hannunsa bai bar ciwon ba. Fedar nan ita ce ta kwantar min da hankali, domin in na'ura za ta ɗauki kowane motsi a matsayin umarni toh atishawa ɗaya sai ta kai kyamara wani wajen, kuma a tiyata hannaye shida ko takwas ne ke kai da kawowa, dole ta san na wa za ta bi. Murya ma tana da nata, muna sanye da takunkumi, injin zuƙe jini yana ƙara, mu kuma muna haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya.

Sai maganar namu yanayin, wadda take ci min rai. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kafin janareta ya ɗauka na'ura mai kwamfuta sai ta sake tashi daga farko, kuma na taɓa ganin maikiroskop ya yi watanni a lulluɓe a lungu saboda ɗan abu guda da sai an yo odarsa daga waje, marasa lafiya suna jira. Duk wanda zai kawo mana sabuwar fasaha ina roƙonsa ya bar mana hannun ƙarfen nan da feda a jiki, ya haɗo da batir, ya kuma koya wa injiniyoyinmu gyara kafin ya hau jirgi.

Ƙanina ya yi shiru yana ji, can ya ce Yaya toh in na yi furojet ɗina na ƙarshe a kan na hotunan fa, da kyamarar laftof kawai? Na ce masa ya fara gwadawa ko za ta gane hannu a cikin safa, kuma ƙarƙashin fitila mai haske sosai, don namu fitilun ba wasa ba ne. Yau da na taso aiki na biya ta kasuwar Taminus na sayo masa safar tiyata guda biyu lamba bakwai da rabi, yanzu haka yana falo ya kunna tocila yana ta ɗaga yatsu.