Bayan gobara, mage ba ta yin nisa

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, gobara takan yawaita a ƙauyukan Kano da Jigawa. Kaskon wuta da aka shiga da shi ɗaki, maganin sauro a gefen katifa, tartsatsin murhu da iska ta kai kan dangar kara, kowanne ya isa ya tashi gida. Idan Allah ya tsare rayuka aka kashe wutar, sai a shiga ƙidayar yara da awaki da kaji da buhunan hatsi. Mage ba a tunawa da ita sai bayan kwana biyu, kuma da an ga ba ta nan sai a ce ta ƙone ko ta bar garin. Galibi tana nan da ranta, kuma kusa take.

Mage dabba ce mai riƙe wuri. Idan ta firgita ba ta doguwar tafiya irin ta kare. Rami na farko da ta samu mai duhu da matsi, nan za ta cusa kanta ta yi tsit, kuma ba za ta amsa kira ba ko da muryar wanda ya raine ta ce. Tana iya yin kwanaki a haka, har ya wuce mako, sai ƙishirwa da yunwa sun fi tsoron ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan magunan da suka ɓata ya nuna kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gano, a cikin tazarar mita 500 daga inda suka ɓace aka same su. Saboda haka gidanku da gidaje biyar ko shida da ke kewaye da shi, nan aikin yake.

Abu na farko shi ne a dakatar da samarin da suka zo taimakon kwashe ɓaraguzai. Kafin a ture katangar da ta tsage, ko a ja kwanon da ya rufto, ko a cinna wa ragowar kara wuta, a leƙa ƙarƙashi da tocila. Mai leƙen ma ya kula da kansa. Katangar ƙasa da ta sha ruwan kashe wuta tana iya zubowa ba sanarwa, azara takan ci daga ciki alhali wajenta lafiya, toka kuma tana riƙe garwashi a ƙasanta har washegari. A sa takalmi mai rufi, a rufe hanci da ƙyalle mai laima, kar yara su shiga.

Wuraren da suka fi ɓoye mage a ƙauye sanannu ne: ƙarƙashin rumbu tsakanin duwatsun da aka ɗora shi, cikin tsibin kara ko harawa, bayan randa, tsohon akurki, tsakanin silin da kwano a gidan maƙwabci, tarin bulo ko itacen girki, kogon kuka, kwalbati, kangon da ba kowa. A leƙa rijiya da ramin masai da ba a rufe ba, domin a guje cikin dare tana iya faɗawa. Duk ramin da dunƙulen hannunka zai shiga, kar ka raina shi. Kuma tambayar maƙwabci ko ya ga mage ba ta wadatar ba. Ka yi sallama, ka nemi izini, matan gidanku su shiga su duba da kansu, domin mai gida zai ce bai gani ba alhali tana ƙarƙashin gadonsa.

Da rana ana duba ramuka, amma ganin mage da dare ake yi, bayan isha'i idan gari ya yi shiru, ko kafin kiran asuba. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Ka riƙe tocila daidai da idonka, ka durƙusa, ka haska a hankali. Idonta yana mayar da haske, za ka ga ɗigo biyu kore ko rawaya ko da jikinta bai fito ba. Ka yi irin kiran da ta saba ji lokacin abinci, ko ka kaɗa kwanonta, sannan ka yi shiru na minti biyu kana saurare. Yawancin masu nema shirun nan ne ba sa yi.

In ba a gan ta ba, sai a jawo ta. A zaɓi wuri ɗaya a inuwa kusa da gidan da ya ƙone, a ajiye ruwa da ɗan abinci mai ƙamshi, busasshen kifi da aka jiƙa ko kifin gwangwani, cokali biyu kawai, kullum da magariba. A gefe a sa tsohuwar riga ko zanin wanda ta fi shaƙuwa da shi, wanda ba a wanke ba, domin ƙauri ya shafe warin gidan da ta sani. A tankaɗe yashi mai laushi a barbaɗa kewaye da kwanon. Da safe sawu zai gaya maka wanda ya ci: na mage zagayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce, na kare kuwa da farce a gaba. In gafiya ce ko bushiya, sawun ya sha bamban da duka biyun. Idan karnuka suka gane wurin, a ɗora kwanon kan katanga.

Sai maganar mutane, wadda a ganina ta fi komai haɗari. Magen da wuta ta babbake gashinta, ta rame, ta bayyana tsakar dare a gidan da ba a san ta ba, wasu ba za su kira ta mage ba. Za a ce mayya ce ko aljana, a bi ta da jifa. Don haka a gaya wa mai unguwa, a roƙi liman ya faɗa bayan salla, a ba da kamanninta. A gaya wa yara da almajirai cewa wanda ya gan ta ya zo ya faɗa akwai tukuici, amma kar ya bi ta, kar ya harbe ta da danƙo. A roƙi maƙwabta su ɗage sa shinkafar ɓera na ɗan lokaci. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha. Dabbar da ta tsare mana rumbu daga ɓera tana da hakki a kanmu ranar da ta shiga uku.

Idan an gan ta, kar a kai hannu. Mage mai ciwo tana cizon ubangidanta. In ta yarda ta matso, a lulluɓe ta da zani mai kauri har kai, a sa ta a kwali mai huji. In ta ƙi, a kafa mata babban kwando irin yadda yara ke kama tsuntsu: a tokare bakinsa da kara, a ɗaura igiya mai tsawon taku goma, a ɗaure ɗan dutse a samansa don kar ta ɗaga shi. A bar ta ta ci a ƙarƙashinsa dare biyu ba a ja ba, kuma ranar ja sai wutsiyarta ta shige gaba ɗaya. Magen da tarko ya kuskure sau ɗaya da wuya ta sake shiga. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibiti, saboda cizon mage yana saurin ruruwa, ga kuma tsoron ciwon haukan kare.

Da ta shigo hannu, numfashi ake fara dubawa. Mage mai lafiya a kwance tana numfashi sau 20 zuwa 30 a minti. Idan ya wuce 40, ko tana buɗe baki tana haki, ko dasashinta ya yi shuɗi, hayaƙi ya taɓa huhu, sai asibitin dabbobi ba jira. Illar hayaƙi tana iya ɓoyewa ta fito bayan kwana ɗaya zuwa uku. Sannan a duba tafin ƙafa huɗu, da kunnuwa, da hanci. Sabuwar ƙuna a zuba mata ruwan randa mai tsabta na minti 10 zuwa 20, ban da ƙanƙara, a kuma tsane jikin kar sanyin hunturu ya kama ta. Ban da manja, man goge baki, ƙwai ko baƙin mai. Duk abin da aka shafa za ta lashe. Saboda lasar nan ne ma ake goge mata toka da baƙin hayaƙi da tsumma mai ɗumi. Gashin bakin da ya ƙone zai sake tsirowa.

Farasitamol kuwa kar a kusance ta da shi, ko Panadol ko na yara. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Haka maganin da ake ba awaki da shanu: mage ba ta cika wuce kilo uku zuwa huɗu ba, kuma wasu magungunan kaska da ƙuma guba ne gare ta. A nemi malamin dabbobi a hedkwatar ƙaramar hukuma ya auna mata nata.

Ruwa ake fara ba ta, sannan dafaffen kifi ko nama marar albasa da tafarnuwa, kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini. Madara tana sa manyan maguna zawo. Idan ta yi kwana biyu a hannu ba ta ci ba, ita ma maganar likita ce. In iyalin sun koma wani gida, a rufe ta a ɗaki ɗaya na kamar mako biyu da kaskon yashi don bayan gida, in ba haka ba za ta koma kangon.

Idan an ga nononta a cike, tana da 'ya'ya a wani wuri. Ita kam ba a kulle ta: a ba ta abinci a sake ta, a bi ta daga nesa har maɓoyar, sannan a kwaso su gaba ɗaya. In 'ya'yan aka tsinta babu uwar, a fara ɗumama su, a ba su nonon akuya mai ɗumi da sirinji marar allura duk bayan awa biyu zuwa uku, suna kife a kan cikinsu, a kuma shafa musu ƙasan wutsiya da auduga mai laima bayan kowane sha, domin a makonnin farko ba sa iya fitsari da kansu.