Daga bakin ruwan Tema sai ƙanƙara

Ran Lahadi na hau trotro, motar haya, daga Nima a Accra na je Tema gaida yayana, zafi kuwa ba a magana, tun kafin mu isa rigata ta jiƙe sharkaf. Da la'asar muka sauka bakin ruwa shan iska, sai ɗansa ya nuna teku da yatsa ya ce "Baba ƙarami, ka san in ka miƙe kudu daga nan ba za ka sake taka ƙasa ba sai Antatika?" Na ce kai yaro bar zuba. Ashe da gaskiyarsa, layin Girinwich na taswira, mai raba duniya gabas da yamma, da ya ratsa Tema ruwa yake bi zalla, fiye da kilomita 8,000, har ya dangana da ƙanƙara.

Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Wai ƙasa guda da ta fi Turai girma, ba gari ba kasuwa ba bishiya ko ɗaya, fari fat iya ganinka, ƙanƙarar da ta lulluɓe ta kaurinta wajen kilomita 2, a wasu wuraren tsaunuka ma ta binne su sai ƙoƙon kansu baƙi ke leƙowa. A tashar Vostok ta Rasha an auna sanyi digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983. Mu nan hunturu ya ɗan busa kowa ya nemo suwaita da man kaɗe.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai rana ce. A can tsakiya, ƙarshen kudancin duniya, inda Amundsen ɗan Norwe ya fara isa a Disamba 1911, sau ɗaya take fitowa a shekara, cikin Satumba, ta yi ta kewaya sama ba ta faɗi ba sai Maris, daga nan duhu wata shida. To mai azumi fa yaushe zai sha ruwa? Bayan isha'i na tari malamin masallacinmu da tambayar, ya yi dariya ya ce ana bin lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko na Makka, sannan ya ce "Kai da ko Tamale ba ka taɓa zuwa ba, ina ruwanka?"

Na dawo gida na tarar an ɗauke wuta, ruwan leda da na bari a firij duk ya yi ɗumi.